Kallon Tiya da Kallon Rumbu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo, wani darasin lissafi ne da muka yi a ajinmu na yaƙi da jahilci nan Gabi. Al'adata ce in mun zo kan tarawa da ninkawa, ba na ɗauko misali daga littafi, sai in ce wani ya kawo mana daga gidansa. Ran nan sai wata dattijuwa da ke zama gaba, kusa da allo saboda idonta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yau mu lissafa kuɗin kallo, don ni yaran nan sun ishe ni." Aka yi dariya. Na ce, "To Inna, bismilla. Ki faɗa, mu rubuta."

Ta ce ɗanta yakan sa wa salula forfe na dala ɗari sau biyu a mako, don mutan gida su kalli finafinan Kano masu dogon zango. Kullum kuma ana kai salular wurin mai pano a yi mata sarji a kan dala goma. Muka rubuta da lambobi yadda suke a jikin kuɗi: 500 sau 2 ya ba da 1,000, 50 sau 7 ya ba da 350. A mako ke nan 1,350. Na ce su ninka da makonni 52 na shekara. Aka jima ana gogewa ana sakewa, daga baya wata mai goyo ta fito da 70,200. Jika saba'in da ɗoriya.

Aji ya yi tsit. Inna ta ce, "Malam, sake dubawa, ƙila alli ne ya yi tuntuɓe." Na sake, bai canza ba. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe tunkiya guda muke yankawa duk shekara, ba mu ga nama ba, ba mu ga fata ba." Na tambaye ta, cikin duk abin da suka kalla bara, wanne za ta iya ɗauko mini yanzu in gani? Ta ce babu ko ɗaya. Amma tana da faifan Ibro guda uku cikin akwatin ƙarfe, waɗanda aka saya tun kafin rasuwarsa a 2014, kuma duk ranar da aka sami na'ura za su yi.

Kowa a ƙasar nan ya san bambancin mai rumbu da mai awo. Mai rumbu ya sha wahala sau ɗaya da kaka, ya ɗaure damma ya zuba, sauran shekara sai ya aika yaro ya ɗebo. Mai awo kuwa kullum yana bakin kasuwa da kwano, yana sayen tiya tiya, kuma farashin da mai hatsi ya yanka masa a tsakiyar damina shi zai biya, ko yana so ko ba ya so. To, kallonmu na yau kallon tiya ne. Ina so mu duba yadda aka yi muka koma haka, da abin da hakan ya yi wa finafinan kansu, don a ganina nan ɓarnar ta fi yawa.

Iyayenmu sun ba mu labarin yadda kallo da saurare suka shigo ƙasar nan, kuma abin lura shi ne da jama'a suka shigo. Ƙungiyoyin sauraron rediyo na Nijar, waɗanda aka kafa a 1962, mutane ne ke taruwa gindin akwati ɗaya, su saurara, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. A 1964 aka soma gwajin koyar da yaran lakkal ta talabijin. Tele Sahel ta buɗe a 1979, a zamanin Seyni Kunce, aka rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa, wasu ma da hasken rana suke aiki. A irin waɗannan wurare ne mutane da yawa suka fara ganin wasan Yazi Dogo da kokowar takobi. Daga baya kaset ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan hanya ta buɗe, aka yi su Sangaya da Wasila, kaset da faifai suka riƙa ƙetaro iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa suna cika kasuwar Maraɗi. Kaset yana da aibinsa, zarensa yakan tsinke, ƙura takan ci shi. Amma in ka saya ya zama naka. Gida goma za su kalla da kuɗin mutum ɗaya, amarya ta tafi da nata ɗakin miji, ba wanda zai zo daga Kano ya ce a mayar masa.

Da salula mai babban gilashi ta yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020, shekarar korona, Izzar So da Labarina suka fito, kowa ya koma YouTube. Aka kafa kuma wasu dandali na biya irin su Northflix da Kallo.ng. Tun daga nan muka bar saye, muka koma haya.

Kada wani ya ɗauka ciwon talaka ne kaɗai. Can Amurka, inda aka ƙago wannan hanya, kuka ake yi. Kamfanin Netflix, wanda ya soma tura finafinai ta intanet a 2007, a 2011 dalar Amurka 7.99 yake karɓa a wata. Dalar Amurka fa, kada Inna ta ji dala ta ce araha. A watan Janairu na 2025 tsarinsa na tsakiya ya kai 17.99. Disney+ ya fito a 2019 a kan 6.99, amma a watan Oktoba na 2025 mai son kallo ba talla sai ya biya 18.99. Da farko abin da ya ja mutane shi ne an ce musu ba talla, kuma komai na wuri ɗaya. Da suka saki na hannunsu suka shigo, sai magana ta juya. A ƙarshen 2022 Netflix ya kawo tsari mai talla. A 2023 ya hana mutum ya ara wa wanda ba gida ɗaya suke ba lambarsa ta shiga. A farkon 2024 Prime Video na kamfanin Amazon ya sa wa masu biyansa talla, ya ce mai son a cire masa ita ya ƙara 2.99. Finafinai kuma suka warwatsu, wannan na wajen wancan kamfani, wancan na wajen wani, mai son ya ga duka sai ya biya wuri uku ko huɗu. A 2022 da 2023 HBO Max da Disney+ sun sauke finafinai da dama daga dandalinsu don rage kashe kuɗi, mai kallo ya wayi gari ya nemi abin da yake bi ya rasa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024, ta ce kamfani ba zai rubuta wa mutum "saya" ba alhali izinin kallo kawai yake ba shi, sai ya bayyana masa gaskiya. Mu nan mun san wannan dabara tun a kasuwar ƙauye: mai ƙuli-ƙuli ya ba yaro ɗanɗano kyauta, gobe yaron ya dawo da kuɗin uwarsa.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun sha nasu. Babban tsarin Netflix da yake naira 4,400 a farkon 2024 ya kai 8,500 a 2025. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ƙara kuɗi sau biyu a 2023, ya ƙara a 2024, ya sake ƙarawa a watan Maris na 2025, kuma cikin shekara biyu ya rasa masu biya fiye da miliyan ɗaya a ƙasar. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na intanet da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya taɓa har mutanen bakin iyaka masu riƙe da layin can. A watan Satumba na 2025 kuma Canal+ na Faransa ya karɓe MultiChoice. Wato manyan kwanonin nan biyu da ke kan rufin gidaje, na wannan gefen iyaka da na wancan, sun koma hannu ɗaya.

Amma mu faɗi gaskiya, a Gabi mutum nawa ke da katin banki da zai biya Netflix? Namu kuɗin wata hanya yake bi, kuma wannan hanya ce ya kamata mai karatu ya gane. YouTube ba ya karɓar ko dala ɗaya a hannun ɗan Inna. Kamfanin waya ke karɓa, don shi ke ɗauko hoton ya kawo. Mai fim kuwa, wanda ya biya ƴan wasa da masu ɗaukar hoto da hayar gida, abin da yake samu daga talla ne: YouTube ya riƙe kashi 45 cikin ɗari, ya ba shi 55. Kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Gabi ba ta da tsada kamar wadda aka nuna wa ɗan'uwansa da ke zaune a Saudiyya ko Amurka, don masu talla sun san aljihun kowa. Saboda haka jika saba'in ɗin nan sun fita daga Gabi, amma abin da ya isa Kano a cikinsu bai kai a saya wa ɗan wasa ruwan sanyi ba. Ƙari a kan haka, ita tallar ma da forfenka kake kallonta. Ni kaina na taɓa sayen forfe na kwana ɗaya, rezo ya ɗauke tun la'asar, bai dawo ba sai da wa'adin ya wuce. Ban ga fim ba, ba a mayar mini da kuɗi ba, ban kuma san ƙofar da zan buga ba.

Yanzu mu zo kan finafinan. Dokar YouTube ita ce, bidiyon da ya kai minti 8 ana iya tsarga masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon daɗewar mutane suna kallo, gwargwadon abin da ke shigowa. Mai fim ba wawa ba ne. In an ce da minti za a biya shi, minti zai sayar. Ga yadda mako guda yake tafiya a da yawa daga cikinsu. Za a fara da tunin abin da ya wuce, sai waƙar buɗewa, sai godiya ga masu ɗaukar nauyi. Sai mota ta tsaya a ƙofar gida ta yi oda. Maigadi ya taso, ya buɗe ɓangare ɗaya na ƙofa, ya koma ya buɗe ɗayan. Mota ta shiga. Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka sannu har falo, mu kuma muna biye da shi taki ɗaya ɗaya. A falo sai gaisuwa: an wuni lafiya, ya gajiya, ya yara, ya kasuwa. Mu Hausawa muna son gaisuwa, amma ba mu saba biyan kuɗi don mu ga wasu na yin ta ba. Daga nan mutum biyu su zauna su ba juna labarin abin da muka riga muka gani da idonmu makon jiya. Sai tallar magani ko ta filaye. Saura minti uku a tashi, wani ya turo ƙofa ya zaro ido, kiɗa ya ɗauka, a ce mu haɗu mako mai zuwa. In ka tace awa guda ɗin nan kamar yadda mata ke tace gasara, abin da zai zauna a ƙasan ƙwarya bai wuce na minti goma sha biyar ba. Sauran ruwa ne, kuma ruwan nan da kuɗi muka saye shi.

Kakanninmu da suke yi mana tatsuniya sun san abin da waɗannan suka manta. Tatsuniya tana da ƙurunƙus. Gizo zai yi wayonsa, asirinsa ya tonu, a tashi a kwanta, gobe a kawo wata. Fim ɗin da ake biyansa da minti kuwa ba ya ƙaunar ƙurunƙus, don ranar da labari ya ƙare ranar tukunya ta sauka. Shi ya sa mugu ba ya tuba, ba ya kuma mutuwa, sai dai ya tafi kurkuku ya dawo. Masoya ba sa aure, in sun yi sai a nemo wata tsohuwar budurwa daga wani gari a kawo ta tsakani.

Ba na cewa duka ɗaya suke. Izzar So ya fara da magana mai ma'ana, girman kan ƴar masu kuɗi a gefe ɗaya, haƙuri da riƙon amanar Umar Hashim a ɗaya gefen, kuma ɗalibaina mata sun so shi don ba sa jin kunyar kallonsa tare da surukai. Amma bayan ya haura kashi ɗari, sai haƙurin Umar ya zama kamar rijiyar da ake ta ɗiba bayan ruwa ya ƙare, guga na fitowa da laka. Labarina na Aminu Saira, a ganina, ya fi sauran iya ɗaukar hoto da tsara zance, kuma Baba Ɗan Audu da Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa mutum ne da kowane gari ke da irinsa, har da namu. Da Nafisa Abdullahi ta bar fim ɗin a 2022 aka ba wata matsayin Sumayya, sai muka ga raunin labarin da ba a san ranar ƙarewarsa ba: ƴan wasa na gajiya, suna da tasu rayuwa, labari kuwa an hana shi hutawa. Na yaba musu da daga baya suka rufe wancan suka buɗe labarin Mainasara, ko da yake sunan bai canza ba. Kwana Casa'in shi ya fi burge ni a zangonsa na farko, don ya taɓa abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato siyasa da asibiti da aikin jarida a jihar Alfawa da aka ƙirƙira, kuma sunansa kansa wa'adi ne, mai kallo na jin lokaci na ƙurewa. Sai dai kwana casa'in ɗin nan sun zama shekaru.

Akwai kuma wani abin da ke damuna fiye da jan labari. Ina manomi a cikin finafinan nan? In ka cire Daɗin Kowa, wanda ya yi ƙoƙari ya nuna talakawa da almajirai da malamin tsangaya kamar yadda suke, yawanci falo ne da kujeru masu sheƙi da motoci. Baƙauye in ya fito, ya fito ne don a yi masa dariya. Mu da muke zaune kusa da kurmin Baban Rafi, muke noman gero da dawa da gyaɗa, muke kwana da fargabar ɓarayin shanu, muke tura samarinmu ci-rani, ba mu da labarin da ya isa a ɗauka ke nan? Dalilin dai shi ne wanda na faɗa a baya: mai fim yana duban inda talla ke da tsada, can birni da ƙasashen waje, mu kuwa yawanmu ake so, ba labarinmu ba. Manyan kamfanonin waje ma ba su cece mu ba. A 2021 Netflix ya nuna Amina, fim ɗin Izu Ojukwu a kan sarauniyar Zazzau, sai ga Amina da mutanenta suna zance da Turanci. Inna ba za ta gane ko gaisuwar kakarta ba.

Mai awo kuma ba shi da ta cewa ranar da aka rufe kasuwa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, jihar Maraɗi da ke shan wuta ta layin Katsina ta ji a jikinta har aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. A watan Mayu na 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, sai an kai mata ta duba. Ko hukumar ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce. Abin da nake nunawa shi ne, a duk waɗannan ba a tambayi mai kallo na Gabi ba.

To mene ne magani? A Turai da Amurka waɗanda suka gaji sun soma komawa ga rumbu. Mutum ya sami tsohuwar kwamfuta, ko wata ƴar ƙarama kamar sabulun wanki da ake kira Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 a kan dalar Amurka 35. Ya haɗa mata ma'aji mai ɗaukar finafinai ɗaruruwa, ya juye faifansa da ya saya a ciki, ya sa mata manhaja irin su Jellyfin ko Plex ko Kodi. Daga nan duk wata salula ko talabijin da ke gidan za ta iya jawo fim daga wannan akwati ta iskar wifi, ba tare da intanet ta waje ba, ba forfe, ba talla. Manhajar ce ke jera finafinan da sunayensu da hotunansu, ta kuma tuna maka inda ka tsaya jiya. Akwai darasi ma a tsakanin manhajojin. Plex na kamfani ne, kuma a watan Afrilu na 2025 ya ɗaga kuɗin rajistarsa ta har abada daga dalar Amurka 119.99 zuwa 249.99, ya kuma sa kuɗi ga mai son kallon nasa finafinan daga nesa da gida. Wato ka gina rumbunka, amma makulli na hannun wani. Jellyfin kuwa, wadda ta fito a 2018, ta sa-kai ce, kyauta take, ba mai ita.

Da na fara karanta wannan sai na yi murmushi, don mu mun riga su. Mene ne aikin yaron nan mai tura fim da ke zaune a rumfar sarji da tsohuwar kwamfuta? Rumbu ne yake tsaro. Shi yake zuwa inda rezo ke da ƙarfi, ko Madarunfa ko Maraɗi, ya sauko da fim sau ɗaya, ya dawo ya zuba wa mutum hamsin a kart memwar, su kuma su tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Ta fuskar lissafi ya fi kowa hankali a garin: abin da mutum hamsin za su saya sau hamsin, shi ya saye shi sau ɗaya.

Amma ba zan wanke shi tas ba, ko da yake abokin hirata ne. Na taɓa ce masa, "Ƙanena, cikin abin da kake karɓa, nawa kake aika wa masu fim ɗin?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ina zan gan su?" To ai nan gizo ke saƙa. Wanda ya kalla ta kart, ko ƴar tallar nan ma ba ta isa ga mai fim ba. Irin wannan kwafi na cikin abin da ya kashe kasuwar faifai, ya kora masu fim zuwa YouTube, inda suka koyi jan labarin da muke kuka da shi. Mun ci ladan kuturu, ga shi muna yi masa aski. Ban da haka, rumbun nasa ba shi da tsari. Sunayen fayil rabi lambobi ne, wa'azi na haɗe da abin da bai kamata yaro ya gani ba, kart na mutuwa ba sallama, kuma duk sabon da ya zo sai a goge tsoho don a sami wuri. Rumbun da ake zubar da hatsin bara don na bana ya shiga, ai bai cika rumbu ba.

Maganar gogewa ba ƙarama ba ce. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekaru da yawa. Sai a 2016 aka tsinci zarensa a wani ɗakin ajiya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Wannan fim ne na gwamnati, na littafin firaminista. To ina ga wasan kwaikwayon samariya, ko kokowar Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ko muryar tsohon da ya san tarihin kafuwar garinku? Matasanmu nawa suka taɓa ganin fim ɗaya na Umaru Ganda, ɗan ƙasar nan da ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972? Ba kamfanin da zai adana mana waɗannan, don ba talla a cikinsu.

Abin da nake ganin ya dace da cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci shi ne rumbun kallo na gari, kamar yadda aka yi bankunan hatsi. Akwati ɗaya, pano ɗaya, batir ɗaya, a ɗakin karatu. Ba sabon abu ba ne a duniya. Manhajar Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana ɗauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Akwai kuma Kolibri da RACHEL da aka yi don makarantun da rezo bai kai ba. A zuba littattafanmu na karatu, da darussan sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka koya wa duniya tun shekarun 1980, da bayanin ungozoma da na malamin dabbobi, da abin da muka ɗauka da salularmu na bukukuwa da tarihin tsofaffi. Finafinan Kano kuwa a nemi izini a biya. In gari ya haɗa kwatankwacin abin da gida biyar ke ƙonawa a forfe, ya aika wa mai fim kai tsaye, ina kyautata zaton zai fi abin da talla ke kawo masa daga garin, kuma a Yamai akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa da za a iya neman shawararsa kan yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya. Mai fim ɗin da aka biya don labari cikakke, ba shi da dalilin sa maigadi ya buɗe ƙofa sau biyu.

Na san inda za a tare ni, don ni ma na tare kaina a can. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa barin na'ura, batir na mutuwa, ɓarawo na son pano. In akwatin ya lalace mai gyara na Maraɗi. Kuma bankunan hatsin da na kawo misali da su, da yawa ba fari ne ya kashe su ba, bashin da ba a biya ba ne da ɗan kwamitin da ya mai da makulli nasa. Sai kuma tambaya mai wuya: wa zai ce wannan ya shiga, wannan kada ya shiga? Liman, ko maigari, ko matasa, ko mata da suka fi kowa kallo? Wasu kuma na cewa a jira kawai, ga Starlink ya shigo Nijar a 2025, intanet za ta wadata. Ƙila ta wadata. Amma shi ma duk wata ake biyansa, kuma mun ga yadda farashin wata-wata yake yi in an saba.

Mu dai a ajinmu ba mu da akwati tukuna, sai muka fara da abin da muke da shi. Na sayi kaye mai shafi 100. Kowace ɗaliba ta kawo kart ɗin gidansu da faifan da ke ƙasan akwati, muna dubawa ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta sunan fim, da shekararsa in an sani, da gidan da yake. A nan na ga abin da ban zata ba: matar da ke gudun ƙ da ɗ a littafin karatu, sai ga ta tana gardama a kan yadda ake rubuta Daɗin Kowa, don ba ta yarda a ɓata sunan abin da take so ba. Mun cika shafi 11. Inna ce ta rubuta layin farko da hannunta, faifan Ibro guda uku, ta kuma sa sharaɗi a gefe cewa duk wanda ya ara ya dawo da shi cikin leda. Maganar pano da wanda zai riƙe makulli mun bar ta sai an gama ɗaurin gero, maza sun sami zama.